Babana, Ku Fara Daga Crianlarich

Zariya.

Babana,

Ya karatu, ya sanyi? Mu nan kowa lafiya lau, sai zafi, wanda bana ya zo da ƙarfinsa. Ummanka ta nuna mini saƙon da ka turo mata, da hoton taswirar da ka ja wa jan layi. Ita dai ba ta ga komai a ciki ba sai neman wahala. Cewa ta yi, mutum yana zaman zamansa, ga jirgi ga mota, ya ce sai ya taka ƙasa kwana uku, ba biki ba ta'aziyya? Na ce ta ƙyale ka, gado ne. Jan layin nan naka kuwa shi ya sa na ɗauki biro, don maganar ta fi ƙarfin saƙon murya. Auta za ta ɗauki hoton takardun ta turo maka.

Tafiyar na amince da ita. Inda ka zaɓa ne ban amince da shi ba, kuma ga dalilina.

Hanyar nan da suke kira West Highland Way na san ta. An buɗe ta a 1980, 'yan shekaru kafin in je can ƙarin karatun likitancin dabbobi, kuma ita ce doguwar hanyar tattaki ta farko da hukuma ta shata a Sukotlan. Daga Milngavie a bakin Gilasgo zuwa Fort William a gindin dutsen Ben Nevis kilomita 154 ne. Masu yin ta gaba ɗaya sukan ci mako guda, wasu da ɗoriya. Ku kwana uku gare ku bayan jarrabawa, ku huɗu, kuma babu ɗayanku da ya taɓa yini da jaka a baya. Ke nan yanki za ku yanka, kuma wurin yankan ake yin gyara ko ɓarna, tun ba a ɗaura takalmi ba.

Kai ka ja layinka daga Balmaha, ka bi gaɓar tafkin Lomond ta gabas har Inverarnan. Na san lissafin da ka yi. Ka ce hanya ce a bakin ruwa, ruwa kuwa ba ya hawa tudu, saboda haka shimfiɗaɗɗiya ce. Lissafin ɗan makaranta ne mai kyau, sai dai taswirar ba ta gaya maka abin da ke ƙarƙashin tafin ƙafa ba. Daga Balmaha zuwa Rowardennan da sauƙi, hawa da sauka ne kawai cikin itatuwa, ga kuma titi a kusa. Daga Rowardennan titin ya ƙare. Daga Inversnaid zuwa ƙarshen tafkin kuwa nan ne wurin da duk wanda ya yi hanyar yake ambata da ɗan tsaki. Dutse ya gangaro har cikin ruwa, hanyar ta zama siririya, mutum ɗaya take ci. Itatuwa sun fito da saiwoyinsu waje sun sarƙe, ruwan sama ya sa sun yi santsi. Ka hau taku uku, ka sauka biyu, ka dafa dutse da hannu, ka karkace ka cusa jaka tsakanin duwatsu biyu, ka ɗaga ƙafa har gwiwa ta kusa taɓa ƙirji. Tafkin da ka zo kallo ba ka da damar ɗaga kai ka kalle shi, idonka na kan inda za ka sa ƙafa. Awakin jeji suna nan, tun kafin ka gan su warin bunsuru zai sanar da kai. Daga Inversnaid zuwa Inverarnan kilomita 10 ne da 'yan kai, amma mai ƙarfi ma yakan ci awa huɗu a ciki, wani biyar.

Wahalar ma ba ita ta fi damuna ba, yaro ne kai, za ka sha ta ka warke. Abin da ya dame ni rashin mafita. Babban titin mota da layin dogo duk suna ƙetaren ruwa, a gaɓar yamma. Kana jin ƙugin motoci, wani lokaci kana hango su, amma ba ka isa gare su. In ɗayanku ya gurɗe a tsakiyar nan, sai dai a tallabe shi a kan waɗannan duwatsu har Ardleish, inda ake ɗaga wata ƙwallo a kan sanda don ɗan jirgin ruwa ya gani daga Ardlui ya zo ya ɗauki mutum, shi ma yana da lokacinsa da watanninsa. Wanda bai san ƙafarsa ba tukuna ba ya fara gwada ta a irin wannan wuri.

Na ga kuma ɗaya abokin naku ya matsa sai an bi ta Matakalar Shaiɗan, don sunan ya yi masa daɗi, kuma can ne ake ɗaukar hoto. Sojojin da suka sassaƙa ta wajen 1750 ne suka laƙaba mata sunan. Nan ne ƙololuwar hanyar duka, kimanin mita 550, kuma gaskiya hawan bai kai sunan tsoro ba, hanyar lanƙwasa take yi tana hawa a hankali. Saukar ce mugunta. Daga can sama sai ka gangara kan tsakuwa har Kinlochleven, wanda yake daidai da bakin teku, gwiwa tana ta karɓar nauyin jaka. Washegari kuma kilomita 24 ke jiranka zuwa Fort William, babu kanti babu ƙauye a tsakani. A bar wannan sai tafiya ta biyu. Farkon hanyar kuma, daga Milngavie zuwa Drymen, kilomita 19 ne na gonaki da tsohon layin dogo. Ba laifi, amma wannan kana iya yinsa kowace Asabar ka koma ɗakinka ka kwana, kuma ina so ka yi shi ɗin, da takalmin da za ka tafi da shi da jakar cike, kafin ranar tafiya. Can za ka san inda takalmin yake cizo.

Mai sunanka, Allah ya jiƙansa, kafin ya zauna kasuwar hatsi koren shanu ya yi, daga ƙasar Kano zuwa Kurmi, a ƙasa, ta Jebba da Ilori, tun manyan motoci ba su karɓe sana'ar ba. Ba ka riske shi ba. Abin da yake yawan faɗa mana shi ne, ba bijimin gaba ke yanke zango ba, gurguwar saniyar baya ce. Kuma ba a tashi daga zango sai an san inda ruwan gaba yake, da inda za a raɓa in abu ya ɓaci. To, hanyar da za ka bi ɗin nan, rabinta na arewa burtali ne. A ƙarni na 18 da na 19 ta nan makiyayan tsaunukan Sukotlan suke koro baƙaƙen shanunsu zuwa kasuwannin Crieff da Falkirk, suna cin mil 10 zuwa 12 a yini, wato kilomita 16 zuwa 19, su kwana. Inverarnan, Tyndrum, Inveroran, Kingshouse, duk mashekarin shanu ne kafin su zama masaukin baƙi. Ranar da wani tsohon manomi ya yi mini wannan bayani a can, ina duba masa tumaki, sai da na ji kamar in rubuto wa Baba takarda a daren. Ka duba cikin ku huɗun nan ka ga wa ya fi rauni. Ka gaya wa Ummanka akwai wanda ya zo a watan Satumba, wanda ko benen ɗakin karatu sai ya tsaya ya numfasa a tsakiya. Da ƙafarsa za ku auna kwanakinku, ba da taka ba. Kada kuma ku nuna masa cewa don shi aka rage, ka ce ni na ce.

Ga inda nake so ku bi. Ku hau jirgin ƙasa a tashar Queen Street da safe, bai cika awa biyu ba zai sauke ku Crianlarich, wanda yake kusan tsakiyar hanyar. Daga ƙauyen akwai 'yar turba mai hawa cikin daji da za ta haɗa ku da babbar hanyar. Alamarta wata ƙaya ce a cikin zane mai kusurwa shida, a jikin guntayen turaku, ba ta ɓacewa. Wannan hawan na farko zai sa ku haki, kuma gara haka, kowa ya san nauyin jakarsa tun tasha tana bayansa. Daga nan hawa da sauka ne cikin daji, sai ku gangaro kwarin kogin Fillan, ku ratsa gonar Kirkton, inda kwalejin aikin gona take gwajin kiwon tumaki da shanu a kan tudu. A nan ka ji maganar ubanka ta sana'a: kada ka shiga tsakanin saniya da ɗan maraƙinta komai kyan gashinta, kuma ƙyauren da ka tarar a rufe ka bar shi a rufe. Za ku wuce kufan wani tsohon gidan ibada na Fillan, da filin Dalrigh inda aka ci Robert Bruce da yaƙi a 1306, kafin daga baya ya ƙwato wa ƙasar 'yancinta. Dab da shiga Tyndrum akwai wani fili tsirara, ko ciyawa babu, ga kore ta ko'ina kewaye da shi. Nan aka riƙa sarrafa dalmar da ake haƙowa a dutsen da ke sama tun ƙarni na 18. An daɗe da daina aikin, ƙasar ba ta farfaɗo ba har yau. Ka tsaya ka dube shi da kyau, ka tuna yaran Zamfara da gubar dalma ta kashe a 2010. Yinin duka kilomita 10 ne ko da ɗan ɗori, la'asar za ta same ku kun sauke kaya.

Tyndrum ƙaramin ƙauye ne, amma tashar jirgi biyu gare shi, ta sama a layin Fort William, ta ƙasa a layin Oban, kuma duka biyun jirginsu na komawa Gilasgo. Bas ma yana tsayawa. Wanda ya ji ba zai iya ba, nan zai juya ba tare da kunya ba, ya kwana a gadonsa. Ku yi sayayyarku a nan, don daga Tyndrum babu wani kantin kirki sai Kinlochleven, kusan kilomita 45 a gaba.

Kwana na biyu shi ne wanda nake yi muku kwaɗayi. Daga Tyndrum zuwa Bridge of Orchy kilomita 11 ne a kan tsohuwar hanyar soja, irin waɗanda aka shimfiɗa ƙarƙashin Manjo William Caulfeild bayan tawayen 1745, don sojan gwamnati su riƙa kai wa tsaunuka da sauri. Abin da aka yi don keken doki da igwa ba zai gagari ƙafar ɗalibi ba. Tana da faɗi, mutum biyu su jera suna hira, hawanta kaɗan ne. Da kun haye 'yar ƙofar da ke bayan ƙauyen, kwarin zai buɗe, Beinn Dorain ya tsaya muku a gaba, mita 1,076, tsininsa ɗaya tak, gefensa a miƙe tun daga ƙasa har sama, ruwa ya tsattsaga masa layuka. Za ku yi ta tafiya kuna nufarsa, kamar ba ya matsowa, har ku zo ku bi ta gindinsa. Ka lura da layin dogo a wajen Auch. Maimakon ya tsallake bakin kwarin kai tsaye, sai ya shiga ciki ya yi zagayen kofaton doki a kan gadoji ya dawo. In kun yi sa'a jirgi ya zo wucewa, ku tsaya, kallon ya isa a tsaya masa. Duk tsawon yinin nan titi da dogo suna cikin kwari ɗaya da ku, ga girman tsauni a ido, ga mafita a kusa. Irin wannan haɗin shi nake nufi da wurin farawa, kuma a hanyar duka ban san inda ya fi nan ba.

Bridge of Orchy tasha ce da otal da 'yan gidaje da tsohuwar gadar dutse. In ƙafa da saura, ku ƙara kilomita 4, ku haye tudun Mam Carraigh, ku hango tafkin Tulla da tsofaffin itatuwansa, ku sauka Inveroran ku kwana. Gadaje a wuraren nan kaɗan ne, kuma a watan Mayu masu tafiya yawa gare su, don haka ka kama wurin kwana tun yanzu, kafin ka sayi tikitin jirgi ma. Tanti kuwa ku bar shi a wannan karon. Dokar ƙasar ta 2003 ta ba kowa damar ratsa daji da kafa tanti in zai kiyaye, amma ɗaukar ɗaki da murhu a baya darasi ne na gaba.

Kwana na uku ban ba ka shi kyauta ba, da sharaɗi ne. Daga Inveroran zuwa Kingshouse kilomita 16 ne ta gefen Rannoch Moor, wani makeken fili na laka da ƙananan tafkuna da ya kai murabba'in kilomita 130. Hanyar kanta mai kyau ce, Thomas Telford ne ya gina ta, kuma ita ce babbar hanyar mota har farkon shekarun 1930. Daɓen duwatsu ne, yana cin tafin ƙafa, amma ba a ɓata a kansa. Abin da babu shi ne mafaka. Ba gida, ba rumfa, daga ka wuce 'yan itatuwan farko sai sama da ƙasa, har ka haye wajen mita 445 ka hango dutsen Buachaille Etive Mor yana tsaron bakin kwarin Glencoe. Ranar da gari ya yi kyau, wurin nan zai zauna maka a rai har tsufa. Ranar da iska ta taso da ruwa, awa biyar za ka yi tana dukanka ba inda za ka raɓa. Ku duba hasashen yanayi na tsaunuka da daddare, ku sake dubawa da asuba, ba na cikin gari da ke kan wayarka ba. In ya ce iska mai ƙarfi da ruwa, ku zaga bakin tafkin Tulla ku sha kallo, ku bi kwalta ku koma tashar Bridge of Orchy. In ya yi kyau ku tafi, ku tari bas ɗin Gilasgo a babban titi kusa da Kingshouse, amma ku sayi kujera tun kafin ranar, yakan cika. Kai ne ka tara su, kai za ka ce a juya in juyawa ta kama, ko da sun yi maka dariya.

Don auna lokaci, akwai ƙa'idar da wani mai hawan dutse ɗan ƙasar, William Naismith, ya kafa a 1892: awa ɗaya ga kowane kilomita 5, a ƙara awa ɗaya ga kowane mita 600 na hawa. Shi ƙaƙƙarfa ne, kuma bai sa salla da cin abinci da ɗaukar hoto a ciki ba. Duk abin da lissafin ya ba ka, ƙara masa sulusi.

Yanzu abin da na fi jin tsoro. Kai ɗan rana ne. Haɗarin da jikinka ya sani tun kana yaro ƙishirwa ce da zafi, kuma can ba su ne ke kayar da mutum ba. Jiƙewa ce da iska. Mutum yakan jiƙe da ruwan sama ko da guminsa, iska ta bi ta kansa, zafin jikinsa ya yi ta zurarewa bai sani ba, a tsakiyar bazararsu, ba ƙanƙara ba komai. Alamarsa rawar ɗari, sai tuntuɓe, sai magana ta fara harɗewa, mai surutu ya yi shiru. In ka ga haka a ɗayanku, ku tsaya, a canza masa rigar ciki, a rufe shi, a ba shi abu mai zaƙi da mai ɗumi. Saboda haka wandon jins da rigar auduga su zauna a gida, suna shan ruwa ba sa bushewa. Rigar ruwa ta ƙwarai da wandonta, rigar ulu, hula, safa ta canji a ƙulle cikin leda. Nan ne wurin kashe kuɗi, kuma na sa an tura maka abin da zai isa, kada ka mai da shi kuɗin cin abinci a gari. Jaka kada ta wuce kashi ɗaya cikin biyar na nauyinka. Da ka ji wani wuri a ƙafa ya fara zafi, zauna nan take ka manna masa filasta, kada ka jira ya yi bororo don kunyar tsai da mutane.

Ku yi ƙoƙari tafiyar ta faɗa cikin Mayu. Ruwa ya fi sauƙi, kuma ƙwarin nan nasu masu kama da ƙyashi ba su gama fitowa ba. Daga Yuni zuwa Agusta, in iska ta kwanta da yamma, sukan taso gari guda su shiga hanci da kunne, sai mutum ya rasa inda zai sa kansa. Ka sayi ragar rufe fuska, ba ta da tsada. Kaska kuma aikina ce, ka saurare ni. Tana nan cikin ciyawa saboda barewa da tumaki, ƙarama ƙwarai, ba irin ƙosassun da ka saba gani a kunnen shanu ba, kuma tana ɗauke da cutar Laim. Kowane dare ka duba bayan gwiwa, da matsematsi, da ƙugu. In ka same ta, kama ta da matsefata dab da fata ka ja a hankali, kada ka ƙona ta, kada ka shafa mata mai. In bayan kwanaki ka ga jan zobe yana faɗaɗa a wurin, ko zazzaɓi, ka je asibiti ka ce kaska ce ta cije ka.

Salla ba za ta ba ku wuya ba. Bridge of Orchy kimanin kilomita 100 yake daga Gilasgo, ya haura mil 48 da malamanmu suka yanke, don haka ƙasaru ta halatta muku. Alƙibla kudu maso gabas take, kada ka fuskanci mafitar rana don sabo. Ruwan alwala kuwa ko'ina ƙorama ce, sai dai sanyinsa zai sa ka tuna gida. Rana tana kaiwa bayan ƙarfe tara ba ta faɗi ba, alfijir kuma yana saurin ketowa, sai ku tsara barcinku. Naman halal ba za ka same shi a ƙauyukan nan ba, kifi da dankali za ka yi ta ci. Ka cika aljihu da dabino da gyaɗa, ka riƙa ci kana tafiya tun yunwa ba ta zo ba. Ruwan sha ku ɗiba a masauki.

Waya tana ɗaukewa a wurare da dama, sanyi kuma yana shanye batir, don haka taswirar takarda ta zama a jakar mutum biyu. In wani abu ya faru, Allah ya kiyaye, 999 za ka kira, ka nemi 'yan sanda, ka ce masu ceton kan dutse kake so. 'Yan sa-kai ne, ba sa karɓar ko kwabo, kada tsoron kuɗi ya sa ka jinkirta. Ka bar wa wani a makaranta takarda da sunan inda za ku kwana kowane dare da lokacin da za ku dawo.

Ummanka ta sauko, amma ta ce kullum in kun sauka masauki ka kira ta, murya take so ba rubutu ba. Ka cika mata wannan. Ni kuma ka turo mini sabuwar taswira da jan layin ya tashi daga Crianlarich, da shaidar kun kama wurin kwana, kafin ƙarshen makon nan. Ka gai da abokan tafiyarka. Auta da yayyenka suna gaishe ka. Allah ya kai ku lafiya, ya dawo da ku lafiya, ya yi maka albarka.

Mahaifinka.